Tambaya da Amsa: Haɗa Kaya a Mota, Kwantena da Sito

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karon kusan duk bakinsu ɗaya: kuɗin mota ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ana son a haɗu, amma ana tsoron rigima. Mun zaɓi shida.

Tambaya: Mu uku ne a Dawanau. Ni ina da masara tan 15, ɗaya yana da zoɓo tan 5, ɗaya riɗi tan 8, kuma duk kudu za su. Mun yarda mu ɗauki tirela ɗaya, sai gardama ta tashi wajen rabon kuɗi. Mai zoɓo ya ce a raba bisa nauyi, ni kuma ina ganin kayansa sun fi na kowa cin wuri. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Alhaji, kana da gaskiya, amma rabinta. Abu biyu mota take sayarwa, nauyi da wuri, kuma duk wanda ya fara ƙarewa a cikinsu to mota ta cika. Tirelar tan 30 ita ce mai ɗaukar buhu 600 na kilo 50, ko buhu 300 na kilo 100. Idan masara ce zalla, nauyi zai ƙare alhali akwai sauran wuri a sama. Idan zoɓo ne zalla, wuri zai ƙare tun ba a kai rabin nauyin ba. Masu fitar da shi waje sun san kwantena mai ƙafa 40 ba ta wuce tan 12 zuwa 13 na zoɓo, alhali mai ƙafa 20 tana ɗaukar riɗi wajen tan 19.

Ga yadda za ku yi. Ku auna cikin bodin motar da tef, tsawo da faɗi da tsayin da za a iya lodi. A ɗauka da aka ninka tsawo da faɗi da tsayi ya ba da mita 70 na wuri, wato abin da 'yan kargo ke kira CBM. Masararka za ta ci kamar 22, zoɓo kamar 30, riɗi kamar 14. Sai a fitar wa kowa kaso biyu, na nauyi da na wuri, a ɗauki wanda ya fi girma. Kai nauyinka kashi 50 cikin ɗari ne na motar, wurinka 31, don haka 50 za a rubuta maka. Mai zoɓo nauyinsa 17, wurinsa 43, sai a rubuta 43. Mai riɗi nauyinsa 27, wurinsa 20, a rubuta 27. Jimilla 120. Mu ɗauka, don misali kawai, an yi cinikin motar naira miliyan 3. A raba gida 120, kowane gida 25,000. Kai za ka biya 1,250,000, mai zoɓo 1,075,000, mai riɗi 675,000. Da bisa nauyi kaɗai aka bi, da ka biya sama da 1,600,000, mai zoɓo kuma bai kai 540,000 ba. Ka ga dalilin da ya sa yake son nauyi.

Wannan kuɗin mota ne kawai. Akwai ƙananan kuɗaɗe da ba a tuna su sai an iso, kuma su ne ke ɓata zumunci. Kuɗin 'yan dako na lodi da saukewa kowa ya biya nasa bisa yawan buhunsa. La'adar ɗan kamasho, kuɗin ƙungiya da na hanya, a raba su da wancan lissafin. Kuɗin jira kuwa, wato kwanan da mota ta yi tana zaman wani bai kawo kaya ba ko bai samo wurin saukewa ba, wanda ya jawo shi ya biya shi kaɗai. Ku sa ranar lodi da sa'a, ku rubuta cewa wanda ya makara an bar shi kuma kafin alƙalaminsa ya tafi. Idan ba ku yi haka ba, wanda ya fi kowa shiri shi zai riƙa biyan kuɗin lalacin wani.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, kuma ya fi rabon kuɗin haɗari. Idan masararka Ibadan za a sauke ta wajen masu abincin kaji, sauran kuma su wuce Legas, dole ta kasance a inda hannu zai fara kaiwa. Ita ce kuma mafi nauyi, ba a ɗora ta a kan zoɓo, sai ta murƙushe shi ya zama gari. Saboda haka a raba bodin gida gida daga gaba zuwa baya, a sa tamfol tsakani, a kuma shirya tun daga Kano cewa bayan an sauke tan 15 a Ibadan za a sake baza sauran kayan don kada nauyi ya taru a gefe ɗaya na motar. Wannan gyaran ma kuɗi ne, ku faɗi mai biya. Sannan in an zuba wa masarar maganin ƙwari, kada ta hau mota ɗaya da riɗin da za a fitar waje. Ana gwada ragowar magani a can, kuma a 2015 ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda irin wannan maganin da ake yayyafawa. Wake ɗaya ke ɓata gari.

A ƙarshe kowane buhu ya ɗauki alamar mai shi da fenti mai launi daban, a ƙirga a gaban direba da wakilin kowa, a ɗauki hoton takardar lodi da lambar mota da lasin direba. Mutum ɗaya ne zai riƙa magana da direba a hanya. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja fataucin goro ɗaruruwa ne a ayari ɗaya, kowa da jakunansa da hajarsa, amma madugu guda ne, shi ke cinikin kuɗin fito da sarakunan hanya.

Tambaya: Kamfaninmu yana da motoci huɗu da ke kai kaya Legas daga Kano, suna dawowa wayam ko da ɗan abin da direba ya tsinta. Wani kamfani da ke kawo kaya Arewa ya nemi mu haɗa. Me za mu duba?

Amsa: Ku karɓa, da sharaɗi. Tafiyar ta kai wajen kilomita 1,000, kuma man dawowa da tayoyi da albashin direba duk kuna biya ko da kaya ko babu. Abin da ya kashe irin wannan haɗin a wurare da yawa shi ne lokaci. Motarku ta sauke ranar Talata, kayansu ba su shirya ba sai Asabar, kwana huɗun nan sun cinye ribar, kuma lodinku na gaba a Kano ya wuce. Ku yanke iyakar jira, misali sa'a 48, bayan nan kuɗin jira ya fara hawa ko mota ta kama hanya.

Sai a duba ko kayan biyu suna shiri. Motar da ta kai shanu ba ta ɗaukar fulawa ko sukari sai an wanke ta ta bushe sarai, wadda ta ɗauki taki ko siminti ma haka. Buɗaɗɗen bodi da tamfol bai dace da kwalayen taliya a tsakiyar damina ba. Ku kuma koma wurin masu inshorarku, domin takardar da ta rufe kayanku a hanya ba lallai ta rufe kayan wani da kuka ɗauko don kuɗi ba. Masu gudun inshorar da aka saba suna da takaful, wato inshorar Musulunci, akwai kamfanoninsa masu lasin NAICOM, hukumar kula da inshora ta ƙasa.

Direbanku ba zai so wannan tsarin ba, don kayan dawowa da yake tsinta a tasha aljihunsa suke shiga. Ku sa masa wani abu sananne a kan kowace dawowa da kaya. In kun ƙi, motar za ta riƙa "lalacewa" a Ogere, matsayar manyan motoci a hanyar Legas zuwa Ibadan, duk ranar da aka ce a je lodi.

Tambaya: Ina sayar da mayafai da jakunkuna a Kantin Kwari. Kayana daga Guangzhou ba sa cika kwantena, ina bayarwa a haɗa da na wasu. Sau biyu ke nan kaya suna makalewa a tashar jirgin ruwa sama da wata biyu saboda laifin da ba nawa ba. Yaya zan kare kaina?

Amsa: Hajiya, fara da sanin abin da kike saya. CBM ɗaya shi ne wuri mai mita ɗaya tsawo, ɗaya faɗi, ɗaya tsayi. Kwali mai santimita 60 da 40 da 50 ya ci 0.12, kwali 50 irinsa sun ci CBM 6. Ki sa a auna kwalayenki a gaban wakilinki a sitonsu na can, domin ƙarin santimita biyar a kowane gefe kan kwali hamsin kuɗi ne mai kauri. A jirgin ruwa ƙa'idar ita ce CBM ɗaya daidai da kilo 1,000, a caji wanda ya fi yawa. Mai tayil da kayansa suka ci CBM 2 amma suka yi tan 3, uku zai biya. Ke kayanki marasa nauyi ne, wuri za ki biya. Kwantena mai ƙafa 20 tana da CBM 33 a takarda, amma abin da ke shiga da gaske bai cika wuce 28 ba, mai ƙafa 40 doguwa kuma 76 a takarda. Idan kayanki sun fara kai CBM 15, ki nemi farashin ƙaramar kwantena taki ke kaɗai ki gwada, sau da yawa a nan lissafin yake juyawa.

Makalewar kuwa ga asalinta. A idon kwastan kwantena abu guda ce. Idan mai haɗa kayan ya shigar da ita da takarda ɗaya da sunansa, ya rubuta jakunkuna da takalma, aka buɗe aka tarar da magunguna marasa rajistar NAFDAC, ko kayan lantarki babu takardar SONCAP ta shaidar ingancin kaya, ko kayan jabu masu tambarin wani kamfani, duka ake riƙewa har da mayafanki. Kafin a warware, kwanakin kyauta da kamfanin jirgi ya bayar sun ƙare, kuɗin jinkirin kwantena da kuɗin ajiyar tasha suna hawa kullum, daga baya a raba muku ku duka. Akwai kuma mai kayan da bai biya nasa kason ba, sai ejan ya ƙi fitar da kwantenar har sai kuɗi sun cika.

Kafin ki ba da kaya, ki yi wa mai haɗawar tambayoyi huɗu, ki ga amsarsu a rubuce. Wane irin kaya yake haɗawa da naki? Wanda ke ware kwantenar tufafi daban da ta lantarki da batura da kayan shafe-shafe ya fi wanda ke zuba komai, ko da ya fi tsada. Zai ba ki takardar kaya mai sunanki, da adadin kwalayenki, da lambar kwantena da ta hatimin da aka rufe ta da shi? Da lambar kwantenar za ki iya bin sawunta da kanki a shafin kamfanin jirgin, ba sai kin jira "tana hanya" ba. Farashin da ya faɗa ya haɗa da kuɗin kwastan da motar Legas zuwa Kano, ko za a zo da wani lissafi daga baya? Sannan idan an riƙe kwantena saboda kayan wani, wa zai biya jinkirin? Amsar da ta dace ita ce mai laifin, in ba a same shi ba kuma mai haɗawar, tun da shi ya karɓi kayan bai duba ba. Kowa ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski.

Abin da ya fi duk wannan shi ne ku 'yan layi ɗaya da kuka san juna, ku biyar ko shida masu kaya iri ɗaya, ku cika kwantenarku, ku buɗe Form M, wato takardar shigo da kaya daga waje, da bayanin gaskiya, ku ɗauki ejan ɗaya. Idan kuna son a duba kayan a tashar tsandauri ta Dala da aka buɗe a Kano a 2023, ko ta Kaduna da ta riga ta a 2018, dole a rubuta haka a takardun jirgi tun daga China. Ba a canza wannan cikin sauƙi bayan kaya sun sauka a Apapa.

Tambaya: Muna yin sabulu a Sharaɗa. Maƙwabcinmu ma sabulu yake yi, kuma garuruwa ɗaya muke kai kaya: Gusau, Sakkwato, Birnin Kebbi. In mun haɗa mota ba zai san kwastomominmu da farashinmu ba?

Amsa: Zai sani idan motarsa da direbansa ne suka kai kayan har ƙofar dilanku. Maganin shi ne a sa na uku a tsakiya, mai mota ko kamfanin jigila da ba ya sayar da sabulu. Kowannenku ya ba shi nauyi, yawan kwali, gari da rana, shi ke nan. Takardar da ke bin kaya kada ta ɗauki farashi, rasit ya bi ta wata hanya. Ku haɗa doguwar tafiyar kawai, daga Kano zuwa wani sito a Sakkwato, daga nan kowa ya raba nasa da a-kori-kura. Manyan kamfanoni ma suna yi: a Ingila Nestlé da United Biscuits, duk da kishin da ke tsakaninsu a kanti, sun taɓa haɗa kai suna ɗaukar wa juna kaya don kada mota ta dawo wayam.

Ku kiyaye abu ɗaya. Zaman da za ku yi na mota ne. Da zarar hira ta gangara kan nawa za a sayar da kwali, ko kai ka ɗauki Gusau ni in ɗauki Kebbi, kun shiga abin da dokar gasa da kare masu saye ta 2018 ta hana, kuma hukumar FCCPC mai aiwatar da dokar tana da ikon cin tara a kai.

Tambaya: Mu takwas muka kama babban sito a Funtuwa don ajiyar masara da waken suya. Bara an fitar da kaya an samu ƙwari da ragin nauyi, kowa yana zargin kowa. Bana me za mu gyara?

Amsa: Malam, a ƙofa za ku gyara. Ƙwaro da danshi da buhun mutum ɗaya suke shigowa, su bazu a na mutum takwas. Ku sayi na'urar auna danshi, ku sa doka cewa masarar da ta haura kashi 13 cikin ɗari ba ta shiga, waken suya kuma 12, ko na wane ne. A soka buhu a duba ƙwari, a auna a sikeli ɗaya na sito, a rubuta nauyi da danshi da rana a littafi, mai kaya da mai sito su sa hannu. Rubuta danshin shi ke kashe gardamar ragi. Buhun kilo 100 da ya shiga da danshi 16 ya bushe zuwa 13 zai koma kilo 96 da rabi, ba wanda ya saci komai, ruwa ne ya fita.

A jera buhuna a kan katako, kada su taɓa siminti, a bar kamar mita ɗaya tsakaninsu da bango da kuma tsakanin tulin wani da na wani, yadda mutum zai zaga ya ƙirga. Kowane tuli da katinsa a rataye. Kada a cakuɗa sabon hatsi da na bara.

Turaren ƙwari kuwa a yi shi rana ɗaya ga kowa. Idan mutum ɗaya ya sa ƙwayar Phostoxin a tulinsa sauran ba su sa ba, ƙwarin maƙwabta za su dawo masa cikin 'yan makonni. A lulluɓe da leda mai kauri marar huda, a danne gefenta da buhunan yashi, a bar ta aƙalla kwana bakwai. Wanda ya buɗe a kwana na uku don ya samu mai saye ya kashe manyan ƙwari ya bar ƙwai, ya kuma ɓata na kowa. Hayaƙin yana kashe mutum, saboda haka mai gadi ba ya kwana a ciki ko a ɗakin da ke manne da siton, kuma ƙwararre ne zai yi aikin.

Makulli biyu, ɗaya wurin mai sito, ɗaya wurin wanda kuka zaɓa. Kuɗin haya a caje shi bisa buhu a kowane wata, domin in an raba takwas daidai, mai buhu 100 yana ɗaukar wa mai 1,000 kaya. Ku yi rajistar ƙungiyar gama kai ku buɗe asusu da sunanta, saboda ranar da gobara ko sata ta faru, masu inshora za su tambayi wane ne mai takarda.

Tambaya: Manoman tumatir ne mu a Kura. An ce mu bar kwando mu koma kiret na roba, mu kuma haɗu mu kama ɗakin sanyi. Ya cancanci kuɗinsa?

Amsa: Kiret ya cancanta, idan kun warware yadda zai dawo. Kwando yana ɗaukar kilo 50 ko fiye, na ƙasa yana matsewa, tsinken kwandon yana huda tumatir, a ɗora wani a kai, a yi kwana biyu ko uku kafin a kai kasuwar Mile 12 ta Legas. Kiret yana ɗaukar kamar kilo 25, kuma nauyin na sama a kan gefen robar yake sauka. Amma kwando tafiyarsa ɗaya, ba wanda ke jiran dawowarsa, kiret kuwa jari ne. Kuna bukatar kusan ninki uku na abin da mota ɗaya ke ɗauka: kashi ɗaya a gona, ɗaya a hanya, ɗaya a kasuwa yana jiran a juye. Ku sayi irin wanda ke shiga cikin juna in babu kaya, ku buga masa alamar ƙungiya da wuta, ku sa kuɗin ajiya a kan dillalin da ya karɓa wanda ya kai kuɗin sabon kiret, ku sa wakili a can mai ƙirgawa. A wanke da ruwa mai ɗan bilic kafin a sake lodi, don ruɓar tafiyar jiya tana kama tumatirin yau.

Ɗakin sanyi ba sai kun gina ba. Akwai masu amfani da hasken rana irin na ColdHubs da ake biya bisa kiret a kowace rana, ku gwada na haya kaka ɗaya tukuna. Matsalar ɗakin tarayya ita ce kowa da sanyin da kayansa ke so. Tumatir yana son digiri 10 zuwa 13, in aka sauke ƙasa da haka na kwanaki sai ya yi tabo ya rasa ɗanɗano, wanda bai nuna ba kuma ya ƙi nuna. Kifi da nama suna son kusa da sifili. Tumatir da mangwaro da ayaba suna fitar da wata iska mai nunar da kaya, wadda ke sa kabeji da latas da kokwamba su yi rawaya, karas ya yi ɗaci. Albasa busasshiyar iska take so, a cikin laimar ɗakin kayan lambu sai ta yi saiwa ta ruɓe, ga warinta yana kama komai. Ku tsayar da ɗakin a kan tumatir da tattasai da attaruhu, ku tsinka da sassafe, kiret ya huce a inuwa kafin ya shiga, a kuma buɗe ƙofa sau biyu kawai a yini, da safe da yamma.